Tsakanin Akushi da Tafiyar Ƙafa

Al'ada ce sananniya a ƙasar Hausa, tun daga Zazzau har Damagaram, cewa idan mutum ya yi tafiya ya daɗe, sa'an nan ya komo gida kumatu sun cika, wuya ya yi kauri, riga ta soma matse shi, 'yan'uwa da abokan arziki za su tarye shi da fara'a suna cewa lalle baƙunta ta karɓe shi, hutu ya zauna. Idan kuwa amarya ce ta shekara a ɗakinta ba ta ƙara ko ƙanƙani ba, sai iyaye mata su shiga raɗe-raɗi, ko mijin ne ba ya ciyarwa, ko kuwa akwai wani ɓacin rai da yarinyar take haɗiyewa. Ban ga laifin mutanenmu a kan wannan fahimta ba, domin al'ummar da kakanninta suka ga yunwar Kakalaba a 1914, iyayenta kuma suka ga farin 1973, ba abin mamaki ba ne ta ɗauki tsoka a jikin mutum alamar wadata, ta ɗauki rama alamar ciwo ko rashi. Har yau ɗin nan kuwa akwai garuruwanmu da tamowa ke cin yara ƙanana, saboda haka duk wanda zai yi maganar rage ƙiba a irin wannan ƙasa wajibi ne ya yi ta da ladabi, yana sane da cewa gidan da cima ta yi wa yawa yana iya zama katanga ɗaya da gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Amma ladabi bai hana faɗin gaskiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a doron ƙasa yana ɗauke da ƙiba irin wadda likitoci ke lissafawa cikin cututtuka, kuma yawaitarta a tsakanin manya ta ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Wanda yake zaton wannan masifa ta Turawa ce kaɗai, to, ya leƙa wani babban asibiti a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ranar da ake ganin masu ciwon sukari da hawan jini, ya dubi layin da ke bisa benci, ya ga yawan alhazai da hajiyoyin da ba su kai ga tsufa ba amma gwiwa ta ƙi ɗaukarsu, wasu salla ma sai a zaune, wasu ido ya soma dishi, wasu ɓarin jiki ya shanye. Da yawansu shekara goma da ta wuce su ne ake yi wa barka da hutu.

Idan muka yi tadabburi a kan yadda kakanninmu suka rayu, za mu tarar ba su taɓa ware wani lokaci don motsa jiki ba, domin rayuwar tasu ɗungurungum motsi ce. Namiji ya yi sammako da fartanya a kafaɗa, ya taka zuwa gona, ya sunkuya bisa kunya har rana ta take tsaka. Ranar kasuwa ya kora jakinsa zuwa wani gari ya komo. Bafatake kuwa ya taka daga Kano har Gwanja neman goro, wata da watanni yana kan hanya. Mace a cikin gida, ko da tana cikin kulle, kafin tuwo ya shiga akushi sai ta sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta bakace, ta daka ko ta durƙusa bisa dutsen niƙa, ta ja ruwa a rijiya mai zurfi, sa'an nan ta tsaya kan tukunya da muciya ta tuƙa. Wanda ya yi irin wannan aiki, in ya zauna gaban malmala uku ya tashi da su, jikinsa ya riga ya ƙone madadinsu tun kafin ya wanke hannu. Yau kuwa injin niƙa ya karɓi aikin turmi, famfo da 'yan garuwa sun karɓi aikin guga, babur da a-daidaita-sahu sun karɓi aikin ƙafa, har ta kai mutum yana hawa abin hawa zuwa masallacin da yake jin kiran sallarsa daga ɗaki. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana zaune tun hantsi har magariba, abinci na iske shi inda yake. Ma'aikaci na zaune gaban kwamfuta, in ya tashi ya zauna cikin mota, in ya isa gida ya kishingiɗa da waya a hannu. Waɗannan duka ni'imomi ne, kuma ba ni cikin masu cewa a mayar da mata ga dutsen niƙa. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne wahalar ta tafi, amma malmala tana nan yadda take, ba wanda ya rage ta.

Ba ma nan abin ya tsaya ba, domin abin da ke cikin akushin kansa ya sake. A da tuwon dawa ne ko na gero da miyar kuka ko ta kuɓewa da daddawa, mai kuwa sai ɗan abin da aka ɗiga a sama. Da rana a dama fura da nono. Sukari abin masu hali ne, nama sai ranar kasuwa ko ta salla. Yanzu safiya ta zama ta shayi mai kauri da madarar gwangwani da burodi, rana ta farar shinkafa ko taliya da miyar da mai ke kwance a kanta, a tsakani ga fanke da cincin da soyayyar awara, a kora da lemon kwalba, wanda a yau ba a yin suna ko walima sai da shi.

To, mene ne ke faruwa a cikin jiki? Masana suna auna ƙarfin da abinci ke bayarwa da wani ma'auni da ake kira kalori, kuma baligi mai matsakaicin aiki yana bukatar kimanin 2,000 zuwa 2,500 a yini, gwargwadon girmansa da jinsinsa da sana'arsa. Allah cikin hikimarsa ya halicci jikin ɗan Adam da ɗabi'ar tanadi, tamkar manomin da ya ga shekarun yunwa, wanda ba ya yarda ko zangarniya ɗaya ta salwanta, duk abin da ya saura bayan an ci sai ya kai shi rumbu. Rumbun jiki kuwa shi ne kitse. Kilo ɗaya na kitse yana riƙe da kalori kimanin 7,700. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na hatsi ko sukari ko furotin 4 yake bayarwa, shi ya sa babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yake kai wa kalori 120. Wannan lissafi yana nuna mana cewa ƙiba ba ta bukatar mutum ya zama mai haɗama. Rarar cokali guda na mai, ko kwalbar lemo guda, kullum, shekara da shekaru, ta isa ta mayar da siririn saurayi magidanci mai tumbi ba tare da ya san ranar da abin ya soma ba.

Kitsen ma ba duka ne illarsa ɗaya ba. Wanda ke kwance ƙarƙashin fata a cinya da ƙugu ya fi sauƙin sharri. Mai haɗarin shi ne wanda ke taruwa a cikin ciki, ya lulluɓe hanji, ya shiga hanta da gaɓar da ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne shigar da sukarin da ke yawo cikin jini zuwa tsoka da sauran gaɓoɓi. Idan kitse ya yi yawa a waɗannan wurare sai jiki ya daina sauraronsa yadda ya kamata, sukari ya taru a jini, ya dinga cin ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa a hankali, mai shi bai sani ba sai ɓarna ta yi nisa. Hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa da minsharin da ke yanke numfashi cikin barci duk suna da alaƙa da wannan, haka kuma wahalar samun ciki ga wasu mata. Likitoci suna da wani mizani da asalinsa ya fito daga wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, a ƙarni na 19: a ɗauki tsawon mutum da mita a ninka shi da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 85, alal misali, zai sami 29 da ɗoriya. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ake kira cuta. Amma ni na fi son wani awo da ba ya bukatar sikeli ko alƙalami: mutum ya sami igiya ya auna tsawonsa daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai wajen cibiya, in bakin igiyar ya haɗu, madalla, in kuwa ya ƙi haɗuwa, to, zagayen cikin ya wuce rabin tsawo, kuma lokacin gyara ya yi.

A nan ne nake so mai karatu ya ba ni hankalinsa sosai, domin abin da ke karya gwiwar mafi yawan masu ƙiba shi ne zaton cewa ba za su sami wata fa'ida ba sai sun koma yadda suke a zamanin samartaka, da suka ga abin ya yi nisa sai su sallama tun ba su fara ba. Bincike ya nuna akasin haka. A Amurka an tara mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya soma hawa amma bai kai ga ciwon ba, aka kasa su gida uku: kashi ɗaya aka ba su maganin metformin, kashi ɗaya aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta, kashi na uku kuwa aka koya musu gyaran cima da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, da nufin su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Da aka bayyana sakamako a 2002, bayan kusan shekara uku ana bibiyarsu, sai aka ga magani ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, gyaran cima da tafiya kuwa sun rage shi da kashi 58, kuma dattawan da suka haura shekara 60 su ne suka fi kowa cin moriya. Kashi 7 cikin 100 ga mai nauyin kilo 90 bai wuce kilo 6 da ɗan abu ba, ragin da watakila maƙwabta ba za su ma lura da shi ba, amma hanta da jini za su shaida shi.

Akwai kuma wani gwaji da aka yi a Birtaniya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Roy Taylor na Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow, aka bayyana shi a ƙarshen 2017, a kan mutanen da ciwon sukarin manya ya riga ya kama su amma bai kai shekara 6 ba. An sa su bisa wani tsari mai tsanani na rage abinci, likitoci na lura da su, kuma bayan shekara guda kusan rabinsu sukarinsu ya koma daidai ba tare da shan magani ba. Cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86 cikin 100 ne suka sami wannan sauƙi. Ban kawo wannan don wani ya jefar da maganinsa ba, Allah ya kiyaye. Na kawo shi ne don a san cewa ciwon da muka ɗauka ba ya ja da baya yana iya lafawa idan aka sauke kitsen da ya haddasa shi.

Idan an tambaye ni daga ina za a fara, sai in ce daga abin sha, domin shi ne ke shiga ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini ga baligi, wato ƙaramin cokali 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Da yawa daga lemon da ake sayarwa a robar rabin lita kuwa guda ɗaya ta cinye wannan kason duka. Gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, amma harajin da ya fi amfani shi ne wanda mutum zai sa wa kansa. Kada kuma a ɗauka zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da fura sun kuɓuta don na gida ne. Asalinsu lafiyayye ne, sukarin da ake ɗura musu shi ne ɓarnar. Zuma ma, duk da darajarta da albarkarta, ga mai ciwon sukari tana hawar da sukarin jini, ba a shan ta da ludayi. Harshe yana da saurin sabo. Wanda ya rage rabin sukarin shayinsa, in ya yi haƙuri na 'yan makonni, shi da kansa zai ji na da ɗin ya yi masa zaƙi da yawa.

Bayan abin sha sai mai, kuma wannan yana hannun uwar gida. A daina tsiyaya shi daga jarka kai tsaye zuwa tukunya, a auna da cokali. A mayar da ƙosai alale wani lokaci, a gasa kifi ko a dafa maimakon a soya. Sa'an nan a sake rabon akushi, ganye da miya su yawaita, tuwo ko shinkafa su ragu zuwa kimanin dunƙulen hannun mai ci. Allah ya yi mana baiwar ganye da ba mu san ƙimarsa ba: zogale da rama da yakuwa da alayyafo da tafasa da lansir, ga kabewa da gauta da yalo da gurji da kuɓewa, ga wake da gujiya waɗanda ke riƙe ciki su daɗe ba a ji yunwa ba. Masana sun ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kuma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda wasu ke rainawa suna kiransa abincin talaka, ya fi kusa da wannan nasiha fiye da yawancin abin da ake jerawa a teburin masu kuɗi. Hatsin da ba a surfe shi tas ba, mai sauran dusa, ya fi farar shinkafa da fulawa jinkirin sakin sukari cikin jini. Sai dai akwai wani kuskure da ya yaɗu, cewa tuwon alkama ko na acca ba ya yi wa mai ciwon sukari komai, ya ci iya cikinsa. Alhali su ma hatsi ne, in aka cika su sukari zai hau. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali guda, kuma a tuna ɗanɗanon dunƙule da ake marmasawa cikin miya rabinsa ko fiye gishiri ne, kanwa ma 'yar'uwarsa ce wajen hawar da jini.

Duk wannan ba baƙon ilmi ba ne ga wanda ya zauna gaban malamai. Alƙur'ani mai girma, a Suratul A'arafi, ya haɗa halaccin ci da sha da hani ga israfi a cikin aya guda, kuma hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya koyar da kasa ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kusan kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san shi. Malam Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duka sun yi wallafa a kan ɗibbu da kiyaye lafiyar jiki, domin sun ɗauki jiki amana ce da za a tambayi bawa a kanta. Abin takaici shi ne watan Ramalana, wanda ya kamata ya zama makarantar kame baki, shi ne ya zama watan da aka fi suya a gidajenmu, ana buɗa baki da soyayyar doya da ƙwai da dankali da ƙosai da lemo mai sanyi, har liman ya tayar da asham mutum bai iya miƙewa ba, wata ya ƙare wasu sun fi nauyin da suka shiga da shi.

Game da motsa jiki kuwa, Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya gabatar da shi a kan abinci da barci sa'ad da yake bayanin hanyoyin kiyaye lafiya a cikin littafinsa Alƙanun, amma hujja ta ƙididdiga ba ta zo ba sai 1953, sa'ad da wani likita, Jerry Morris, ya bincika lafiyar dubban ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke, gari ɗaya, albashinsu ba shi da nisa da juna, sai dai direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Da aka duba sai aka tarar bugun zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Abin da ake nema ga baligi a yau shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri wadda mutum zai ji numfashinsa ya ƙaru amma yana iya magana, da kuma kwana biyu a mako na aikin da ke ƙarfafa tsoka. Rabin sa'a bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin wannan; wanda bai iya rabin sa'a a haɗe ba ya rarraba ta, kuma 'yar tafiya bayan cin abinci tana taimakawa wajen sauke sukarin jini.

Amma dole in faɗi wani abu da masu sayar da kayan motsa jiki ba su cika faɗa ba: tafiya kaɗai ba ta cika sauke nauyi da yawa ba. Rabin sa'a ta tafiya mai sauri tana ƙone kalori kimanin 150, abin da kwalbar lemo guda ke mayarwa har da ƙari. Wani masani, Herman Pontzer, ya auna ƙarfin da mutanen Hadza na Tanzaniya ke ƙonewa, mafarauta masu yini suna yawo a daji, ya bayyana a 2012 cewa in aka yi la'akari da girman jiki bai bambanta sosai da na mazauna biranen Turai da Amurka ba, domin jiki yana da dabarun daidaita abin da yake ƙonewa. Gumi ma ruwa ne, ba kitse ba ne ke narkewa, saboda haka masu naɗe ciki da leda ko sa rigar sanyi cikin zafi ƙishirwa kawai suke jawo wa kansu. Kitsen da aka ƙone, kashi 84 cikin 100 nasa ta numfashi yake fita. Bilhasali, nauyi a wajen akushi ake sauke shi, tafiya kuwa ita ce ke gyara zuciya da jini da barci, ta kiyaye tsoka, ta kuma hana abin da aka sauke komowa. Kuma mai ƙibar da ke tafiya kullum ya fi siririn da ke zaune lafiyar zuciya sau da yawa, ko da sikeli bai motsa ba.

Babban shingen da ke gabanmu a nan na al'ada ne. Idan aka ga mai hali yana tafiya a ƙasa, kafin ya kai bakin titi mutum uku sun tsaya suna cewa, "Alhaji, lafiya? Ina motar? Shigo in rage maka hanya." Idan mace ta soma sauke jiki, ƙawaye su ce, "Hajiya, ko ba ki jin daɗi ne? Na ga kin zube." Ga mata kuma abin ya fi wuya, domin unguwanninmu ba a tsara su da wurin da mace za ta motsa jiki cikin sutura da natsuwa ba. Duk da haka tsakar gida ta isa a zagaya, matakalar bene ta isa a hau a sauka, tashi da zama daga kujera sau da yawa a jere yana ƙarfafa cinya da gwiwa, kuma maƙwabta mata suna iya haɗuwa a gida ɗaya su yi tare. Ina ganin haƙƙi ne a kan miji, wanda shari'a ta ɗora wa ciyarwa da tufatarwa, ya kula da wannan ɓangaren na lafiyar iyalinsa, in hali ya yi ya fita da ita su taka tare bayan isha'i.

Wajibi ne kuma a ja kunne game da magunguna, ta fuska biyu. Akwai 'yan mata, musamman masu shirin aure, da ke sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki. Mafi yawansu deksametazon ne ko maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki, kuma deksametazon in aka daɗe ana shan sa yana kumbura fuska da ciki, ya hawar da sukari da jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, wadda ta daɗe a kansa kuma ba ta yanke shi rana ɗaya sai da shawarar likita. A ɗaya gefen ga masu tallar shayin rage tumbi a kasuwa da intanet, wanda galibinsa maganin gudawa ne irin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Ruwa yake fitarwa, kitsen yana nan, ƙoda ce ke shan wahala. Akwai alluran zamani irin su semaglutide da bincike ya tabbatar suna sauke nauyi, amma suna da tsada, suna da illolinsu, likita ne ke rubuta su, kuma mafi yawan wanda ya daina nauyin yana komo masa.

Kada a yi zaton mai ƙiba rago ne ko maras kamun kai, balle a yi masa ba'a. Gado yana da hannu babba a cikin al'amarin, haka ƙarancin barci da damuwa da wasu magunguna da haihuwa a kai a kai. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a New York suka gano wani sinadari mai suna leptin wanda kitse ke fitarwa yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. Idan kitse ya ragu shi ma sai ya ragu, yunwa ta ƙaru, jiki ya rage abin da yake ƙonewa. Wannan shi ne sababin da ya sa mai horar da kansa da yunwa mai tsanani, ba tare da kulawar likita ba, yakan sauke da sauri ya mayar da sauri, wani lokaci har da riba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne iyakar abin da ya kamata a nema, kuma akwai makonnin da sikeli zai tsaya cik ko da ba a yi kuskure ba. Tsarin da ya dace shi ne wanda mutum zai iya zama a kansa har ƙarshen rayuwarsa, da abincin garinsu, gwargwadon aljihunsa. Kuma tun da yake a gidajenmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, gyaran da aka yi wa gida duka ya fi ɗorewa bisa wanda aka ware mutum guda da ɗan kwanonsa a gefe, ga shi kuma yara za su tashi da sabon harshe.

Saura waɗanda hukuncinsu ya bambanta. Mace mai ciki ba ta shiga tsarin rage nauyi, mai shayarwa kuma ta bi a hankali. Yaro mai ƙiba ba a horar da shi da yunwa, sai dai a janye masa kayan zaƙi a sake shi ya yi wasa. Wanda ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, musamman in akwai yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari mai daɗewa da zufar dare, wannan ba abin murna ba ne, asibiti zai nufa. Wanda ya haura shekara 40, ko yake jin ciwon ƙirji ko haki in ya yi 'yar tafiya, ya fara zuwa a auna masa jini da sukari kafin ya tsananta wa kansa, in ya so ya soma da minti 10 yana ƙarawa mako-mako. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kuwa lalle ya sanar da likitansa cewa ya soma rage abinci da tafiya, domin idan nauyi ya sauka adadin maganin da ya dace da shi jiya yana iya yi masa yawa yau, sukari ya faɗi ƙasa ya ji jiri da rawar jiki da zufa. Irin wannan mutum ya riƙa fita da dabino biyu ko uku a aljihu, ya duba tafin ƙafarsa bayan kowace tafiya ko akwai rauni, kuma ya koma a sake auna shi bayan wata uku don a daidaita masa maganin.